Gemun Auduga Da Hular Kwali: Yadda Kasuwa Ke Yi Wa Ƴan Tashe Sutura

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana buɗe rumfa a kasuwanninmu na bakin iyaka ya san alamar. Da azumi ya kwana bakwai ko takwas, sai ka ga yara sun fara shawagi a bayan rumfuna da la'asar, alhali ba saye ya kawo su ba, ba kuma dako suke nema ba. Wannan ya tsaya bakin shagon mai madara da sukari yana leƙen kwalayen da aka zazzage, wancan ya tsuguna ƙarƙashin keken tela yana tsintar ƙyallaye, wani kuma ya bi layin masu katifa da matashin kai yana roƙon ɗan dunƙulen auduga. Mai rumfa ya daka musu tsawa su watse, ya juya baya su dawo. Bayan kwana biyu ko uku, an sha ruwa an natsu, shi dai mai rumfar nan zai ji kiɗan gwangwani a ƙofar gidansa, ya fito ya tarar da wani tsoho tukuf mai farin gemu har ƙirji, yana dogara sanda yana tari, shekarunsa ba su wuce tara ba. Gemun nan audugar layin masu katifa ce, hular da ke kansa kuwa kwalin nan ne da aka kore shi a kansa shekaranjiya.

Wannan shi ne tashe, kuma kusan duk suturar da ƴan tashe ke sawa daga hannun ƴan kasuwa take fitowa. Shi ya sa maganar ta shafi masu karanta wannan shafi fiye da kowa. Abin da ɗan kasuwa ya yar a bayan rumfa, shi ne yaro zai ɗaura a fuskarsa ko ya kifa a kansa da dare. Idan kwalin madara ne, ya zama hula an yi dariya an watse lafiya. Idan kuwa robar maganin ƙwari ce ko buhun da aka zuba wa wake guba, to wasan na iya ƙarewa a gadon likita.

Goma na wuya

Hausawa sun kasa azumi kashi uku: goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin salla. Tashe na farawa ne idan watan ya kwana goma, daidai lokacin da jiki ya fara laushi, mutane na bukatar abin da zai ɗebe musu gajiya. Sunan daga kalmar tashi ya fito, domin a asali masu kiɗa ne ke zagaya gari cikin dare suna tada mutane sahur. Daga baya abin ya faɗaɗa ya zama wasannin kwaikwayo da yara maza da mata, har da manya, ke yi gida-gida da kasuwa-kasuwa, ana ba su hatsi ko ƴan kuɗi. A Kano har sarautar gargajiya ke akwai ta Nalako, sarkin gwagware, wanda ke jagorantar tashen gwauro. Masana sun daɗe da lura da muhimmancin abin, har Muhammad Balarabe Umar ya tattara wasannin a littafinsa mai suna Wasannin Tashe, wanda aka buga a Zariya.

A nan bakin iyaka, daga Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Magariya da Maigatari, wasannin iri ɗaya ne a kowane gefe, domin yaran ma dangin juna ne. Bambancin da ke akwai na aljihu ne: ɗan tashen iyaka kan tashi da kuɗi iri biyu, dala biyar ko dala ashirin ta sefa a hannu ɗaya, tsohuwar takardar naira a ɗayan, washegari a gan su sun yi layi gaban ɗan canji kamar manyan fatake.

Kowane wasa da kayansa

Wanda bai san tashe ba zai ɗauka yara tsumma kawai suke yafawa su fita. Ba haka abin yake ba. Kowane wasa na da suturarsa da aka sani, kuma masu kallo na gane ko an cika ta ko an rage.

Mai wasan tsoho yana bukatar gemu da gashin baki da gira na auduga, da yagaggiyar riga wadda ta fi shi girma, da sanda, da doro na tsummokaran da aka cusa a baya. Mai wasan malam kuwa rawani ne babban kayansa, a naɗa masa tsohon zane ko mayafi har kai ya rinjayi jiki, a ba shi allo da buzu da tasbaha. Idan ba a samu allo ba a yanka kwali a yi masa siffar allo, tasbahar kuma a huda ƙwallayen dabino ko na magarya a zura a zare. Jatau mai magani yana rataye da tsohuwar jaka cike da saiwoyi da sassaƙe da ganyaye, ga layu na kwali da aka naɗe da baƙin ƙyalle sun cika masa damtse da ƙugu. Gwauro shi ne ya fi kowa kaya: a ɗaura masa igiya a ƙugu ana ja, a rataya masa fasasshiyar tukunya da ludayi da muciya da maburgi, don a nuna wa duniya cewa wanda ba shi da mata shi ke yi wa kansa girki.

Ƴan mata su ma da nasu. A wasan Mairama da Daudu, yarinya ɗaya kan sa babbar riga da hular mahaifinta ta zama miji, ɗaya a lulluɓe ta ta zama amarya, sauran suna kiɗa ƙwaryar da aka kife cikin ruwa a kwano. Abin da wasan ke koyarwa zaman aure ne da haƙƙin da ke kan kowa.

Duk cikin waɗannan kaya babu wanda a da ake zuwa shago a saya. Ana nemo su ne, a gyara, a haɗa. Wannan nema da haɗawa kuwa shi ne rabin wasan, kuma shi ne makarantar farko da da yawa daga cikin telolinmu da maƙeran farin ƙarfe da masu gyaran rediyo suka fara riƙe almakashi da waya a cikinta.

Yadda ake haɗa su

Kwali shi ne sarkin kayan. Na madara da na sabulu da na taliya sun fi kyau, domin suna da kauri kuma ba su da wari. Idan hula ake so, a auna kan yaro da zare, a yanka kwalin da faɗin kamar tafin hannu, a lanƙwasa, a ɗinke bakin da allurar buhu, sannan a rufe sama da wani zagayayyen yanki. Wanda ya goge kwalin a gefen teburi kafin ya lanƙwasa, zai ga ya yi laushi bai karye ba. Farar takardar nan mai ƙyalli da ke cikin kwalin shayi ita ce adon hula, marfin kwalbar lemo da aka daddaƙe da dutse ya zama lambar girma a ƙirji. Idan fuskar dabba ake so, kura ko zaki ko bijimi, a buɗe idanu da faɗi sosai, a huda wajen hanci da baki, don yaron ya ga gabansa ya kuma sha iska.

Buhu shi ne riga. A yanka wajen wuya a gindinsa, a buɗe hannuwa a gefe biyu, shi ke nan an sami taguwa. Idan aka warware bakin ƙasa aka bar zaren na reto, ya zama rigar mafarauci ko ta dodo. Buhun algarara ya fi na roba daɗin jiki, kuma ya fi karɓar shuni. Ƙyallayen tela kuwa, waɗanda ke cika ƙasa a watan azumi saboda ɗinkin salla, a jera su a kan igiya ɗaya bayan ɗaya a ɗaura a ƙugu ko a wuya. Tsohuwar safa a cusa mata tsumma ta zama wutsiya, fasasshiyar ƙwarya a kifa a ciki ƙarƙashin riga ta zama tumbin attajiri.

Kara na dawa ko na gero shi ne ƙarfen yara. Ɓawonsa ake fiƙewa sirara-sirara a soka a cikin tsokarsa mai laushi, a yi tabarau da agogo da rediyo da abin ɗaukar hoto. Ganga kuwa gwangwanin madara ne ko na tumatir, a rufe bakin da yankin tsohon tub na keke a ɗaure tam. A zuba tsakuwa a ƙaramin gwangwani a matse bakinsa, an sami kacau-kacau na ƙafa.

Wajen manne abubuwa, na da sun fi mu dabara. Ƙaro ake jiƙawa ya kwana, ko a dama garin rogo ko fulawa a kan wuta ya yi kauri kamar talge. Duka biyun suna kama kwali da takarda, kuma ruwa na wanke su daga fata ba tare da wahala ba. Na shafe fuska ma a gida yake: gawayi da baƙin tukunya su ba da baƙi, alli da farar ƙasa su ba da fari, jar ƙasa da shuni su cika sauran. Idan aka fara shafa ɗan man gyaɗa ko man kaɗanya kafin a sa launin, wankewa ba ta wuya.

Ba mu kaɗai ba ne

Wannan hikima ta mai da abin yarwa sutura ta game ƙasashen da Bahaushe ke fatauci. A Damagaram akwai wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon sarki da fadawansa da manyan jami'an gwamnati, kuma sunan ma ya nuna cewa da karan hatsi aka faro ƙera kayan wasan. A Yamai yaran Zabarmawa na yin tobai-tobai a watan azumi, su shafe jiki da farar ƙasa su yi shigar zomo, wanda shi ne ma'anar kalmar tobai a harshensu. A Bamako yara maza na yin yogoro, mata na yin salawale, su ma daga goma ga wata.

Wanda ya fi shafar ƴan kasuwa shi ne na Wagadugu. Wasan Dodo da yaran Burkina Faso ke yi a watan azumi, fataken Hausawa ne suka kai shi can a ƙarni na 19, ya zauna a tsohuwar unguwarsu ta Zangwetin, wadda sunanta ma daga zango ya fito. Yaran Mosi suka karɓa suka mai da shi nasu, suna yin kawunan dabbobi da ƙwarya da kwali, har ya kai ga ana shirya gasa tsakanin unguwanni. Wato kakannin masu karanta wannan shafi, ban da goro da kanwa da baƙin yadi, har da tashe suka yi fatauci.

Bola ta yi daraja

Sai dai kuma zamani ya taɓa abin ta fuska biyu. Ta farko, abin da a da ake yarwa yanzu kuɗi ne. Kwali ana ɗaure shi a sayar wa masu tsire da masu ƙwai da masu shimfiɗa kaya. Buhun da aka zazzage yana da layinsa a kasuwa. Gwangwani da tsohon ƙarfe da roba ƴan gwangwan na bi gida-gida suna saye a kan sikeli. Ƙyallen tela ma masu matashin kai na kwashewa. Duk lokacin da kaya suka daina ƙetarowa, kamar rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ko wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, mun ga yadda har kwali da buhu suka yi wuya. Ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya ci moriyar bolarsa. Matsalar ita ce idan mai tsabta ya tafi wurin mai saye, abin da ke saura a juji shi ne wanda kowa ya ƙi, kuma shi ne yaro zai tarar.

Ta biyu, kayan wasa na roba da ake shigowa da su daga Sin sun cika tebura: fuskokin dodanni, gashin kanti, bindigogin roba, da abin wasan wuta mai tartsatsi da ƙara. Yaron da mahaifinsa ke da hali ya saya ya kifa a fuska, ba ya bukatar almakashi ko ƙaro. Fuska goma iri ɗaya za su wuce ka a dare guda, babu wadda za ta ba ka dariya, domin abin da ke ba mutum dariya a tashe shi ne ya gane tsohon buhun shagonsa ya zama alkyabba.

Ranar da gemuna ya kama wuta

Ina ɗan shekara goma na yi wasan tsoho a garinmu. Yayata ce ta yi mini gemun, ta ɗinka audugar a jikin wani siririn ƙyalle, ta sa masa zare na rataya a kunne. Na yi ta fushi, domin abokaina da ƙaro aka manna musu nasu a haɓa, ya fi kama da na gaske. Muka je gaban wata mai tuyar ƙosai, muka yi wasa, ta jefo mana dala biyar ta faɗi kusa da fitilarta ta aci-balbal. Na sunkuya zan ɗauka. Ban ji zafi da farko ba, haske kawai na gani ya taso mini, sai ihun yara. Wani babba a cikinmu ya kai hannu ya fizge gemun, zaren ya tsinke, ya yar a ƙasa, kafin a ƙirga uku ya zama toka. Matar ta kifa mini zanenta, ta kwarara mini ruwan tulunta. Har yau akwai ɗan tabo a ƙarƙashin haɓata. Da a ce manna mini shi aka yi, da wata fuskar nake ɗauke da ita yau.

Darasin a fili yake: duk abin da za a sa wa yaro a fuska ko a wuya, a yi shi yadda fizga ɗaya za ta cire shi. Auduga sakakkiya tana cin wuta kamar an zuba mata fetur. Buhun roba da kayan gwanjo na leda-leda kuwa narkewa suke su manne a fata, ƙunarsu ta fi muni. Kara da ciyawa busassu ba sai an faɗa wa mutanen Maraɗi ba, tun gobarar makarantar zana ta Nuwamba 2021 wadda ta ci rayukan yara fiye da 20.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar wuta ta ƙara nauyi a shekarun nan. Azumi na matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Na 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 a tsakiyar Fabrairu, na 2027 a farkon Fabrairu, kuma haka zai yi ta ja baya zuwa Janairu da Disamba. Ke nan tashen shekaru masu zuwa cikin hunturu zai riƙa faɗowa, lokacin da iska ke kaɗawa, komai ya bushe, kowace ƙofar gida da kowace tashar mota an hura wuta ana jin ɗumi. Ga kuma teburan masu sayar da fetur a kwalba da jarka da suka cika garuruwan iyaka. Jarkar da aka zazzage wa fetur ba ta zama fanko ba, tururin man na nan ciki, kuma shi ne ke fashewa. Yaro ya ɗauke ta ya mai da ita ganga, ya je ya tsaya kusa da mai tsire, sauran sai addu'a.

Idan tsautsayi ya faɗa, kada yaro ya ruga da gudu, gudu na ƙara wa wuta iska. A kwantar da shi a mirgina, ko a lulluɓe shi da bargo ko zane mai kauri. A zuba ruwa mai sanyi a wurin har kamar minti 20, sannan a nufi likita. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da tawada da gishiri da mutane ke shafawa ba sa warkar da ƙuna, sai dai su jawo ruɓa.

Abin da bai kamata ya bar rumfa ba

Gubar da ba a gani ta fi wuta yawa a kasuwa. Masu sayar da kayan noma sun san layin launi da ke gindin kowace robar maganin ƙwari: ja na nufin guba mai tsanani, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ko wane launi ne, robar ba ta wasa ba ce, kuma wanki ba ya raba ta da dafin gaba ɗaya. Shawarar da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa ita ce a ɗauraye ta sau uku sannan a huda ta, don kada wani ya sake amfani da ita. Haka kwalbar fiya-fiya, haka gwangwanin ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake, haka ledar irin shuka mai jan gari.

Masu hatsi su ma da nasu nauyin. Buhun da aka adana wake da magani a ciki, da buhun taki, da takardar siminti, duk suna cin fata idan gumi ya jiƙa su. Buhun nan mai ruɓi uku na PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007 don adana wake ba tare da magani ba, shi ba guba a jikinsa, amma ledojinsa biyu na ciki an yi su ne don su hana iska shiga. Abin da ke kashe ƙwaron wake shi zai iya shaƙe yaron da ya zura kansa. Kowace irin leda ma haka take. Nijar ta kafa doka tun 2014 ta hana shigowa da ledar da ba ta ruɓewa da sayar da ita, amma kowa ya san ledar na nan ko'ina, don haka tsaron ya koma hannun iyaye da masu rumfa.

Masu gyaran rediyo da masu cajin batir, ku lura da matattun batura. Yara na fasa batirin tocila su kwashe baƙin garin ciki su shafa a fuska don ya fi gawayi baƙi. Garin nan sinadarai ne masu cin fata da ido. Batirin mota da na babur kuwa ruwan asid ne da dalma a ciki, kuma duk wanda ya tuna yaran Zamfara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ya san ba abin wasa ba ce. Ragowar fentin gini da na mota ma kada a bari ya hau fatar yaro. Toka kanta, wadda ake ganin ba komai, idan ta haɗu da gumi tana zama kamar ruwan tokar da ake sabulu da shi, don haka a nisanta ta da ido.

Sai gam. Sholisho na masu faci ba a manna shi a fuska, ga cin fata ga shaƙar da ke lalata yara. Gam ɗin nan mai kamawa nan take da ake kira sufa-gulu kuwa, idan ya haɗu da auduga zafi yake fitarwa har da hayaƙi, yana iya ƙona haɓar yaro ba tare da an kusanci wuta ba. Gidan sauro mai magani shi ma ba na rawani ba ne: yana sa ƙaiƙayi a fuska, kuma an raba shi ne don zazzaɓin cizon sauro. Idan ana zaton yaro ya sha ko ya shaƙi guba, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara ko a sa shi amai. A cire masa kayan, a wanke jikin da ruwa da sabulu, a kai shi likita tare da robar ko buhun don a san irin maganin.

Dare, iyaka da bindigar kara

A da babu wasan da ke ba mutanen iyaka dariya kamar yaro ya yi shigar ɗan duwan ko jandarma, da hular kwali da igiyoyin takarda a kafaɗa, ya gitta kara a hanya yana neman takardun jaki. Yau yanayi ya canza. A yankunan da ƴan bindiga ke kai hari, kamar wajejen Madarunfa da Gidan Runji da ƙetaren Jibiya, wanda ya hangi mutum cikin duhu da rufaffiyar fuska da abu mai kama da bindiga ba zai tsaya tambayar shekarunsa ba. Bindigar roba da ta kara da ta katako, da kakin soja na gwanjo, a bar su a gida. A Kano ma rundunar ƴan sanda ta sha hana tashe a shekarun nan, ciki har da azumin 2025, saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi su yi ƙwace da faɗan daba. Inda aka bari abin ya lalace, ƙarshensa hani ne, kuma ƙananan yara masu gemun auduga su ne ke asara.

Malamai ma na da ƙorafinsu, musamman kan yaran da ke barin sallar asham, da ƴan matan da ke kai wa tsakar dare a waje, da namijin da ke shigar mata. Magana ce da ta kamata a saurara. Unguwannin da suka tsara abin sun sami sauƙi: a yi wasa cikin unguwa, da babba ɗaya a tare da kowace ƙungiya, da tocila a maimakon fitilar wuta, a kuma koma gida da wuri.

Kwali ɗaya a gefen rumfa

Abin da ake nema wurin ɗan kasuwa bai kai kuɗin shayin safe ba. Daga farkon azumi, a ware babban kwali ɗaya a gefen rumfa, a riƙa jefa abin da ba shi da illa: kwalin madara da na taliya, buhun shinkafa ko na sukari da ya yage, zare, marfin kwalba, ƙyallen da ya yi ƙanƙanta ga mai matashi. Yaro ya zo a nuna masa nan, ba sai ya shiga juji ba. Mai maganin ƙwari ya huda robobinsa, mai batir ya tara matattun ya kulle, mai fetur ya hana jarkarsa fita. Sarkin kasuwa da shugabannin layi na iya faɗar wannan a taro ɗaya, mu kuma a gidajen rediyon karkara mu maimaita.

Sannan idan sun zo ƙofar gida da dare, Alhaji, kafin ka sa hannu a aljihu ka haska tocila ka dubi kayan. Ka tambayi wa ya yanka hular, da me aka manna gemun. Wanda ya sayo fuskar roba a ba shi sadakarsa, wanda ya zauna ya ƙera tasa a ninka masa. Yara na gane inda riba take fiye da yadda muke zato, ai ƴaƴan ƴan kasuwa ne. Allah ya kai mu goma ga wata lafiya, ya tsare mana zuri'a.